Sa hannun da na ki yi lokacin da maigidana ya yi ritayar rashin lafiya a Amurka

Maigidana, Allah ya jikansa, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Amurka, a karkashin tsarin fanshon da ake kira FERS wanda ya fara aiki a 1987. Ciwon shanyewar barin jiki ne ya kwantar da shi yana da shekara 51, dole ya ajiye aiki ya koma karbar kudin nakasa. Shekarar farko kashi 60 cikin dari na matsakaicin albashinsa mafi tsoka na shekara uku ake ba shi, daga nan ya sauka zuwa kashi 40, kuma a cikin wannan din ma ana cire wani kaso saboda abin da Social Security, hukumar gwamnati mai biyan kudin tsufa da nakasa, ke biyansa. Gida ya matse sosai.

To lokacin cike takardun ne ya kira ni, yana rike da biro da hannun hagu dan na daman ya daina aiki, yace "Maman yara, zo ki sa hannu a nan, kashi 10 za su rika yankewa duk wata wai dan ki samu wani abu bayan raina, mu da muke neman na yau." Gaskiya ce ya fada, in ka zabi matarka ta samu rabin fanshon bayan mutuwarka kashi 10 ake cirewa, in kashi 25 ne a cire 5, in kuma kasa da rabin kake so ko ba ka so gaba daya sai matar ta amince a rubuce a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu. Wallahi na dauki biron har na dora a takardar, sai kawai naji raina bai kwanta ba, nace "Baban yara kayi hakuri, bari su yanke." Kwana biyu yana fushi dani.

Abin da ban sani ba a ranar, inshorar lafiyar da muke ciki ta ma'aikatan tarayya a daure take da wannan zabin. Da na yafe kason, ranar da ya rasu nima inshorata ta tafi, ga hawan jini ina fama.

Ya rasu kafin ya kai 62, kuma nan ne lissafin ya rikita ni, dan ni na zaci rabin abin da ke shigowa asusu zan samu shikenan. Ashe hukumar OPM mai kula da fanshon sai ta sake lissafi kamar ya ci gaba da aiki har 62 din, sannan a ba ni rabin wancan. Na cike fom SF 3104 na neman hakkin mamaci, na hada da takardar shaidar mutuwa da ta aure, ku nemi kwafi da yawa masu hatimi dan banki ma sai ya tambaya, masu inshorar rai ma haka.

Kuskurena daya da har yau nake jin haushin kaina, kudinsa sun shigo asusu farkon watan da ya biyo bayan rasuwar na kwashe na biya haya, ashe fanshonsa ya tsaya tun ranar da ya rasu, sai da aka janye kudin, asusu ya koma ana bi na bashi ina tsaka da jiran nawa su fara fitowa.

Bangaren Social Security kuma dala 255 suka ba ni sau daya tak, na wata-wata sai na kai 60 tunda autarmu ta wuce 16. Yayata ta fara min zancen sake aure kwanaki, nace Yaya ki bari tukuna, in na yi aure kafin na cika 55 fanshon yankewa zai yi tunda aurenmu bai kai shekara 30 ba. Saura min wata goma sha hudu.