Diclofenac da ciwon ƙashin baya: abin da nake gani a famasi

Aikin famasi nake a nan Sakkwato, kuma bayan paracetamol babu abin da ke fita hannuna kamar diclofenac da ibuprofen. Yawanci gajiyar aiki ce, kwana biyu an bari. Amma akwai wasu samari, galibi ba su kai shekara 45 ba, da nasu ciwon daban ne, cikin dare yake tada su, da asuba bayan ya sandare fiye da rabin awa har ruku'u sai da dabara, amma da sun fara zirga-zirga sai ya saki. Wanga shi ne amosanin ƙashin baya mai kumburi, in aka ƙyale shi ƙasusuwan baya na iya mannewa har mutum ya rankwafa.

Irin waɗannan samarin, maganin kumburi dangin diclofenac likita ke fara ɗora su a kai, naproxen ko indomethacin ko celecoxib, wani ma shekara da shekaru zai yi yana sha, kuma wallahi yana aiki, ni ba na cikin masu tsorata mutane da shi. Inda matsalar take shi ne yadda ake shan. Mutum zai zo da leda ya zazzage min a kan kanta, ga diclofenac na likita, ga ibuprofen da ya saya a kemis, ga wani haɗi da mai talla ya ba shi a tasha har da dexamethasone, wani maganin kumburi na dangi daban, a ciki, duk yana watsa su tare kuma ba ko loma a ciki. Biyun farko dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ƙara gyambon ciki. Na kan ce malam, ɗaya tak za ka sha, bayan abinci, in likita ya haɗa maka da omeprazole mai kare ciki kar ka ajiye shi don wai cikinka lafiya lau, gyambon kan zo shiru. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta jini ne, asibiti ake zuwa ranar.

Ƙoda kuwa ita ta fi damuna, saboda zafin garin nan. A Afrilu rana na wuce digiri 40, ɗan kabu-kabu ya wuni yana gumi bai sha ruwan kirki ba, ga ƙwaya a jiki, ƙodar ce ke ɗaukar dukan. In azumi ya zo gara a koma wurin likita a gyara lokacin sha. Awon hawan jini da gwajin ƙoda lokaci-lokaci dole ne, ko da mutum na jin garau.

Wanda ya gwada maganin kumburi iri biyu ɗaya bayan ɗaya bai ji dama ba, akwai allurai irin su adalimumab, sai dai tsada, kuma sai an duba tibi kafin a fara, don suna iya tada wadda ta kwanta a jiki.