Na Kai Alhazai Hamburg a Watan Disamba

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni, ko zama bai gama yi ba ya miƙo min waya. "Kawu, duba inda zan kai dillalanmu." Kamfanin da yake yi wa aiki ne ya ɗora masa shirya tafiyar tukuici, irin wadda ake kwasar dillalan da suka fi sayar da kaya a shekara a kai su waje su huta da kuɗin kamfani. Hotunan Basalona ne, birnin nan na Sifaniya, ga shuɗin teku, ga kwale-kwalen masu kuɗi jere a tasha. Na ce yaushe? Ya ce farkon Maris. Na ce su wa za su? Sai ya yi jim, ya ce bari ya duba sunayen. Ya zaɓi gari, ya zaɓi otal, har inda za a ci abincin bankwana ya zaɓa, amma bai san mutum nawa ne a cikinsu suka haura sittin ba.

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai kunya ta kama ni, don abin da na yi a 2017 ya fi nasa muni.

A watan Agustan 2016 an tura ni kwas na mako biyu a Hamburg, arewacin Jamus. Garin ya shiga raina. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, mutane zaune bakin kogin Elbe, manyan jiragen kwantena suna wucewa kamar unguwa guda ce ta tashi tana tafiya. Na yi ta yawo a Speicherstadt, tsofaffin rumbunan jan bulo da ke tsaye a cikin ruwa inda aka daɗe ana ajiye kofi da shayi da darduma. Da shekara ta zagayo aka ce in zaɓi inda za a kai dillalai 24, ban yi shawara da kowa ba. A raina na ce ai 'yan kasuwa ne, me zai fi burge su kamar tashar jiragen ruwa mafi girma a Jamus? Har yau kuma ina ganin wannan tunanin ba wauta ba ne. Mutumin da ya shekara talatin yana jiran kwantena, ai yana da kyau ya ga yadda ake loda ta.

Abin da ban lissafa ba shi ne kuɗin ba za su fito ba sai ƙarshen shekara. Muka sauka a makon farko na Disamba.

Tun kafin nan ma na yi ɓarna. Bizar Schengen, wato ta shiga Jamus da yawancin ƙasashen Turai, ana ɗaukar kwana 15 kafin a ba da amsa, wani lokacin ya zarce haka nesa, ni kuwa na tara fasfo saura mako uku. Wasu takardun bankinsu ba su cika ba, domin ɗan kasuwarmu kuɗinsa na cikin kaya da bashin da yake bi, ba a asusu suke kwance ba. Mutum bakwai ba su samu ba, ciki har da wanda ya zo na ɗaya, wanda kusan don shi aka shirya tafiyar. Tikitinsu da ɗakunansu duk na riga na biya. Na daɗe ina ɗora laifin a kan akawunmu da ya riƙe kuɗi, kuma yana da nasa kason, amma ni ne na sanar da gari kafin in ga biza ko ɗaya.

Hamburg ɗin da na tarar ba wadda na bari ba ce. Gari ba ya wayewa sai bayan takwas, ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke, jadawalina kuma babu gurbin salla ko ɗaya. Ga yayyafi, ga iska mai huda ƙashi. Na sa dattawa sanye da shadda da rigar sanyin da suka saya a Kano don hunturu a cikin ƙaramin jirgin da ke zagaya tasha da baƙi, awa guda ana yi musu bayani da Jamusanci. Wani dattijo daga Gusau, mai ciwon suga, ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, laifin me muka yi wa kamfani?" Ya kuma tambaye ni ina tekun. Sai a lokacin na bayyana musu cewa teku na can kusan kilomita 100, wannan kogi ne.

Otal kuwa, na samu mai rangwame a unguwar St. Pauli, na yi ta murna na rage wa kamfani kashe kuɗi. Taku kaɗan ne zuwa Reeperbahn, titin mashaya da gidajen karuwai da ya yi suna a duk Turai. Ba zan faɗi abin da alhazai suka gani a hanyar neman shayi ba. Na kai su kasuwar Kirsimeti da ke gaban zauren majalisar gari, wai su ga al'ada, ashe abin da ake sayarwa yawanci tsiren alade ne da giya mai zafi. Sai a kwana na uku wani direban tasi Baturke ya nuna mana Steindamm, bayan babbar tashar jirgin ƙasa, inda masallatai suke da gidajen abincin halal. Yana nan tun farko. Ni ne ban neme shi ba, don lokacin kwas burodi da kifi sun ishe ni.

Tsaraba kuma na ware mata rana guda cur, ranar ƙarshe. Lahadi. A Jamus shaguna a rufe suke ranar Lahadi. Mutum 17, kowa da jerin sautun mata da 'ya'ya a aljihu, muka ƙare da cakulan na filin jirgi.

Amma a yi adalci, ba duka aka rasa ba. Wani mai harkar motoci ya ji daɗinsa, ya yi ta tambaya har ya gano yadda ake lodin tsofaffin motocin da ke bi ta Kwatano, waɗanda muke kira Beljiyam saboda tashar Antwerp da ke ƙasar Beljiyam. Shi har yau yana gode min. Mutum ɗaya cikin 24.

Na yi niyyar jera wa yaron shawarwari goma, da na zo faɗa sai suka tsaya a kaɗan. Ka fara da mutanen, shekarunsu, lafiyarsu, abin da suke ci, wanda ya taɓa fita da wanda bai taɓa ba. Sannan kalanda. A ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ake babban taron kamfanonin waya na duniya a Basalona, otal yakan yi tsada ya kuma yi wuya, a 'yan shekarun nan azumi ma a tsakanin yake faɗowa. Wannan duk yana cikin wayar da kuke dannawa dare da rana, amma hoto kawai kuke kallo. Yaran yanzu ku tambayi na'ura ta zaɓa muku gari, ba za ku iya ɗaga waya ku kira dillali ɗaya ku gaishe shi ku ji ra'ayinsa ba.

Kada ka sanar da gari sai biza ta fito. Kuɗinta yanzu Yuro 90 ne, ba a mayarwa, ga inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000 da dole kowa ya yanka, kuma ana karɓar takardu tun saura wata shida. Kada ka kai su garin da kake so don kai kake so. Kada kuma ka kai su garin da ba ka taɓa takawa ba. Na san maganganun biyu suna karo, to ka je, amma ka je a watan da za su je, ka ci abin da za su ci, ka kwana a unguwar. In Turai ce dole, ni da Marseille ta Faransa zan duba, inda kasuwar Noailles ke cike da 'yan Arewacin Afirka da naman halal, ko Rotterdam ta Holan da rani, jirgin ƙasa daga filin jirgin Amsterdam bai fi rabin awa ba. Ko Istanbul, da ba ta cikin Schengen kuma jirgi na tashi kai tsaye daga Abuja. Ka tambaye su abin da suke so. Ko da yake kada ka tambaye su duka, rabi Umara za su ce, kuma in sun faɗa ban san da wane baki za ka musa ba.

Ya saurara yana gyaɗa kai, rabin hankalinsa na kan waya. Da zai tashi ya ce, "Kawu, ai na riga na biya kafin alƙalamin otal ɗin tun Talata." Na ce ya turo min sunayen dillalan da shekarunsu kafin dare. Har yanzu ina jira.