Godiya ga duk wanda ya sa hannu a kayan da muka aika wa sojojinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, kaya sun isa. Tun makon jiya mazajenmu da 'ya'yanmu da ke bakin daga a jihar Borno suke ta bugo waya, kowa in ya samu sabis, yana shaida mana cewa kwali ya zo hannu lafiya. Shi ya sa Magajiya, shugabar matan bariki, ta umarce ni in rubuto wannan godiya a madadin matan sojoji na barikinmu da ke nan Kano. Yaba kyauta tukwici, mu kuwa ba mu da wani tukwicin da ya wuce wannan da addu'a.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, mutanenmu suna ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai ne, wadda kafin 2021 ake kira Lafiya Dole. A cikinmu akwai matan da tun rikicin Maiduguri na 2009 suke raka miji bakin mota, ya tafi, ya dawo, a sake tura shi. Wani sai ya shekara bai taka ƙofar gidansa ba. Ba mu ce ba a ciyar da su ba, hukuma tana ba da abinci da kayan aiki. Amma akwai abin da ba ya zuwa a rabon hukuma: yajin da matarka ta daka, da ƙananan abubuwan da a gari naira kaɗan ke saye amma a daji ko da kuɗinka ba ka ganin mai sayarwa. Ga kuma hunturu. Sanyin Monguno da Baga da Malam Fatori, can gefen Tafkin Chadi, ba irin na cikin gari ba ne. Fili ne fetal, iska na kaɗawa da ƙura, mutum yana tsaye a ramin gadi tun bayan isha har asuba, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso a cikin takalmi.

Godiyarmu ta farko ga Baba Samanja, dattijon da ya yi ritaya tuntuni, wanda yana cikin waɗanda suka je Laberiya da dakarun kiyaye zaman lafiya na ECOMOG a 1990. Shi ya zaunar da mu kafin mu kashe ko kwabo. Ya ce kada a sa kwalba, za ta fashe a hanya. Kada a sa duk abin da ke da laima, don kaya kan yi kwanaki suna jiran ayari. A ƙulla komai ƙanana-ƙanana yadda zai shiga aljihun kaki, domin sojan da aka tura sintiri ba ya tafiya da kwali. A ninka leda biyu saboda ƙura. Ya ce a fifita safa mai kauri a kan rigar ado, a sa basilin, da allura da zare, da ƙaramar tocila da batir, da abin yanke farce. Da wata ta tambaye shi me ya fi kewa a zamaninsa, bai yi dogon tunani ba ya ce yaji, domin da shi ko shinkafar da ba ta ji mai ba takan shiga. A kan maganarsa muka tsara komai, kuma duk wanda ya bugo waya sai ya ambaci yajin nan da safa. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Muna godiya ga mahautan unguwarmu da suka rage mana kuɗin nama, da masu kilishi na Agadasawa da suka yi mana ƙari ba mu roƙa ba. Muna godiya ga 'yan kasuwar Singa da suka haɗo ganyen shayi da sukari da madarar gari da sabulu, da na Dawanau da suka ba da gyaɗa da gero, da 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai da suka zauna suka tsince mana rigunan sanyi da huluna masu kyau daga cikin dila. Masu shaguna na kasuwar Mami ta cikin bariki su ne suka tara mana kwalaye da igiya. Da yawansu sun roƙi kada a faɗi sunansu, mun kuma kiyaye.

Sai matan da suka yi aikin da hannunsu. Dambun nama ba wasa ba ne: a dafa, a daka, a tsettsefe, a soya a hankali har ruwan ya ƙone ƙurmus, in ba haka ba ya yi funfuna kafin ya kai Damaturu. Wasu sun kwana a bakin murhu da goyo a baya. Wasu suka yi ƙuli-ƙuli da dakuwa, wasu suka soya aya da gyaɗa, wasu suka tankaɗe kuka da busasshiyar kuɓewa suka ƙulla da daddawa. 'Yan uwanmu mata na cocin bariki suka kawo cincin bokiti-bokiti saboda Kirsimeti, suka zauna tabarma ɗaya da mu ana ƙulli. Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, fasto da fada suka yi ranar Lahadi. Mun gode musu duka.

Akwai wata Iya mai tuyar ƙosai a bakin ƙofar bariki. Ba ta da ɗa a soja, ba ta da jika. Ta shigo da rana tsaka da kwanon sha cike da ƙuli-ƙuli, ta kwance gefen zanenta ta zazzage 'yan canji a kan tabarma, ta ce yaran nan da ke sayen ƙosanta da safe ta daɗe ba ta ga wasunsu ba, a kai musu. Iya, saƙonki ya isa.

Waɗanda na fi jin nauyin yi wa godiya su ne matan da mazajensu suka tafi wannan aiki ba su dawo ba. Ba mu aika musu ba, don muna gudun tayar musu da miki. Da kansu suka zo. Ɗaya daga cikinsu, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, ita ce ta lura cewa duk kwalayen da muka ɗaure akwai suna da lamba a jiki. Ta tambaya, to wanda ba shi da mata a barikin nan fa? Akwai samarin da daga Depot na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, aka wuce da su daji kai tsaye, iyayensu na Binuwai ko Inugu ko Kuros Riba, ba su san ma ta inda ake aika saƙo ba. Ta ce marigayi ya sha gaya mata cewa ranar da saƙon gida ya zo, irin waɗannan yaran sukan tashi su ba da wuri, kamar suna da wani aiki. Nan take aka ware kaso guda, ita da hannunta ta riƙa rubutawa a jikin kowane kwali: na wanda ba a aiko wa ba. A ganina wannan kason ya fi kowane amfani a cikin abin da muka aika. Wani kofur da ba mu taɓa gani ba ya karɓi wayar mijina, da Hausarsa ta bariki, ya ce in gaya wa mamar da ta rubuta wannan cewa ya karɓa, kuma tun da ya shiga daji wannan ne karo na farko. Na isar mata. Allah ya jiƙan mijinki, ya raya abin da ya bari.

Yaran makarantar bariki da na Islamiyya sun rubuta wasiƙu, an saka ɗaya a kowane kwali. Malamansu, mun gode da haƙurin da kuka yi da su.

Direbobin da suka ɗauki kayan daga Kano, ta Wudil da Azare da Potiskum har Damaturu, sun ƙi karɓar cikakken kuɗin mota. Kowa ya san abin da ake nufi da hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, ta Benisheikh da Mainok da Jakana, inda dole a yi sammako a shige kafin a rufe hanya da yamma. Ba mu manta da matafiyan da dare ya riska a Auno aka kai musu hari a watan Fabrairun 2020 ba. Da sanin haka suka ɗauka. Allah ya tsare ku a duk inda kuka sa gaba. Haka nan muna godiya ga hafsoshin da suka ba da izini, da waɗanda suka karɓi kayan a barikin Maimalari da ke Maiduguri, suka bincika, suka sa su cikin ayarin da ke fita da rakiya zuwa sansanoni.

Wasu sun nemi mu sa hotunan sojojin da kayan a Facebook don su ga shaida. Ku yi mana uzuri, ba za mu sa ba, kuma ba za mu faɗi wace bataliya ce ke wane gari ba. Muna roƙon 'yan uwa mata da aka turo wa hoto su bar shi a wayarsu. Lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana wurin Magajiya a rubuce, an karanta shi a taro, duk wanda ya ba da gudummawa yana da damar zuwa ya duba.

Matan da mazajensu ke rundunar Fansan Yamma, a dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, wannan karon ƙarfinmu bai kai can ba, kuma duk da haka kun yi aikin tare da mu ba ku nuna komai ba. Zagaye na gaba da ku za a fara in sha Allahu, kafin azumi, kuma abin da za a fi buƙata shi ne dabino da garin kunu da tsamiya da sukari. Ragowar kuɗin da ke hannu kuwa mun yanke shawarar a yi wa waɗanda suka ji rauni sayayya da shi, a kai musu asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna a makon 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Mai son zuwa ta ba da sunanta a wurin Magajiya kafin ƙarshen mako, don a san yawan motar da za a nema.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya dawo mana da su lafiya. Amin.