Darussan da na koya daga magidantan da suka koma karatu a Amurka

Na ajiye aikin ba ɗalibai shawara a wata kwalejin shekara biyu da ke New York, kuma har yau abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne soke zaman yamma da muka buɗe wa maza baƙaƙen fata da suka dawo aji bayan sun haura shekara talatin. Cikinsu akwai direbobin bas da masu gadi da tsofaffin sojoji, har da 'yan'uwanmu na Gana da Nijar mazauna gundumar Bronx ta birnin. Ofishinmu yana tashi ƙarfe biyar, daidai lokacin da suke tasowa daga aiki, shi ya sa nake tsayawa har takwas ba tare da an ƙara mini ko sisi ba.

A zaman ne na gane cewa tsohon sakamako ya fi rashin ƙoƙari kayar da su. Tallafin Pell, wato kuɗin karatu da gwamnatin tarayyar Amurka ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, yana buƙatar ɗalibi ya riƙe matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0, ya kuma ci kusan kashi biyu cikin uku na darussan da ya ɗauka, kuma faɗuwar da ya yi yana ɗan shekara goma sha tara tana cikin lissafin. Wani direban tasi ya yi makonni da takardar dakatar da tallafinsa a ninke cikin aljihu, ya ce mini, “Malam, na girmi mai koyar da mu, da wane ido zan je in roƙa?” Bai san ana ɗaukaka ƙara ba. Muka rubuta tare, aka mayar masa da tallafin.

Shugabar sashenmu ta soke zaman da hujjar cewa alƙaluman kammala karatu da aka fi auna kwaleji da su suna ƙirga sababbin shiga ne masu karatun cikakken lokaci, don haka magidanci mai darasi biyu a zango ba ya ƙara mata komai. Abin takaici, da wasunsu suka kammala, hotunansu ta sa a rahotonta na shekara, ba ta ambaci zaman ba.

Ga wanda zai gaje ni: ka tambayi jadawalin aikin mutum kafin ka zaɓa masa darasi, ka haɗa shi da sa'ansa da ya riga shi gaba, kuma duk abin da aka amince maka da baki ka nemi a rubuta shi.