Idan ɗalibi ya nemi sassauci a jami'a

Ɗalibin da ya taso daga ƙauye zuwa jami'a a Kafin Hausa ko Wudil, in yana da larurar gani ko sikila, kunya kan hana shi magana sai jarrabawa ta ƙarato. Gara malami ya faɗa tun makon farko: "Duk mai uzuri ya same ni a ofis."

In ya zo, kada a tsare shi da tambayoyi, takardar asibitin makaranta ta isa. A rubuta buƙatar, shugaban sashe ya sa hannu, jami'in jarrabawa ya riƙe kwafi. Nan ake yawan tuntuɓe: malami ya yi alkawarin ƙarin lokaci da fatar baki, ranar jarrabawa mai sa ido bai san zancen ba, ya karɓe takardar amsar ɗalibin.

Makaho a tura masa darasi a fayil ɗin Word, domin hoton shafin da aka ɗauka da waya yakan gagari manhajar da ke karanta masa rubutun allo da murya. Mai rubuta masa amsa kuwa kada ya zama ɗan kwas ɗin. Mai sikila, da yake sanyin hunturu kan tayar da ciwon, a ware masa ranar rama gwaji.