Bakin Kakaki da Wayar Eriya

Wani yaro da ke koyon aiki a shagona a Tudun Wada ya tambaye ni, cikin ladabi, dalilin da ya sa nake hana shi haɗa wayar eriya mai om 50 da mai om 75 kai tsaye (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa lantarki), alhali duka biyun tagulla ce a ciki. Na nuna masa lasifikar masallacin da ke tsallaken titi, na ce ya dubi yadda maƙogwaronta ya fara a tsuke, sannan ya yi ta buɗewa sannu a hankali har baki. Haka bakin kakakin da ake busawa a fada yake, kuma wannan buɗewar ce ke miƙa sauti ga iska ba tare da yawancinsa ya koma ciki ba.

Kowace wayar da ke ɗaukar siginar rediyo tana da turjiyarta, wadda injiniyoyi ke kira impidans, kuma kaurin tagullar ciki da faɗin ragar waje da irin robar da ke tsakaninsu ne ke ƙayyade ta. Idan sigina ta iso inda turjiya ta sauya farat ɗaya, wani kaso na ƙarfinta yakan juya baya. Tsakanin om 50 da 75 kashi 4 cikin 100 ne kawai ke komawa, amma tsakanin 75 da 300 abin ya kai kashi 36, kuma a na'urar watsa shiri wannan ƙarfin da ya dawo yana iya ƙona tiransistar ƙarshe. Wannan asarar ce nake jiye wa yarana.

Tsohuwar dabara ita ce a sa guntun waya mai tsawon rubu'in zango a tsakani (zango shi ne tsawon igiyar sigina guda ɗaya), misali mai om 70.7 tsakanin 50 da 100, sai dai a kusa da zango ɗaya kurum take aiki. A ganina dabarar da ta fi kyau ita ce ta kakaki, wato a riƙa sauya kaurin layin kaɗan-kaɗan, ta yadda 'yan ƙananan sassan da ke komawa baya za su kashe juna a hanya. A 1956 R. W. Klopfenstein ya fitar da siffar da ke ba da layi mafi gajarta idan an ƙayyade iyakar abin da za a yarda ya koma.

Sharaɗinta shi ne tsawo, domin layin yana bukatar kusan rabin zangon sigina mafi tsawon zango da za ta bi ta cikinsa. Ga gajeren zango na mita 49 da iyayenmu ke kamawa, wannan ya haura mita 24, ga tashar FM mai megahaz 100 kuwa mita ɗaya da rabi. Amma siginar tauraron ɗan'adam mai gigahaz 11 (wato megahaz dubu 11) zangonta bai kai santimita 3 ba, shi ya sa dabarar ta samu gida a can.

Da yamma na ba yaron tsohon kan dish, na ce ya cire murfin robar. Ya daɗe yana bin ramin da yatsa, daga tsukakken ciki zuwa buɗaɗɗen bakin da ke karɓar sigina daga sarari mai turjiyar om 377, sannan ya ɗago ya ce, "Oga, ashe wannan ma lasifika ce."