Yau na kai littattafaina Kensal Rise

Da yayyafi muka wayi gari, irin na Landan da ba ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ba ya kuma ɗaukewa. Jiya na gama zagayen aikin dare, don haka niyyata in yi sallar asuba in koma in ja bargo. Ina! Yara suna hutun tsakiyar zango, kuma Auta ba ta mance alkawari. Ƙarfe takwas tana tsaye a kaina da takalminta a ƙafa: "Umma, ke kika ce yau."

Ni na ce, kuwa: na yi mata alkawarin yau za mu je laburaren unguwar Kensal Rise in ba su kyautar littattafai. Akwai wani kwali a ƙarƙashin gado da na taho da shi daga Kano, cike da littattafan Hausa, wasu tun ina 'yar sakandare. Na jawo shi na kaɗe ƙura, muka zauna a ƙasa muna zaɓe. Da kyar na iya rabuwa da uku. Ɗaya bangonsa ya rabe, na liƙe shi da salatif, a shafin farko kuma ga rubutun hannun Baba, Allah ya ji ƙansa, da jan biro. Wannan na mayar cikin kwali na ɗauko wani.

Mun hau bas mai lamba 52 daga Willesden muka sauka a Chamberlayne Road, muka taka zuwa Bathurst Gardens. Ginin jan bulo ne a kan kwana. Wanda bai san labarinsa ba zai iya wucewa bai ɗaga kai ba. Ni kuwa duk zuwan da zan yi sai na dubi tagogin sama, inda labule ke rataye, domin can gidajen mutane ne yanzu. A ƙasa kawai laburaren yake. Da can ginin gaba ɗaya nasa ne.

Labarin na fara jinsa ne bara daga bakin wata dattijuwa Baturiya da ke aikin sa kai a wurin, daga baya na bi na karanta da kaina. A shekarar 1900 aka buɗe wurin a matsayin ɗakin karatu, kuma Mark Twain, marubucin nan na Amurka, shi ya buɗe shi. Filin kyauta ce daga kwalejin All Souls ta Oxford, amma da sharaɗi: muddin aka daina karatu kyauta a wurin, fili ya koma hannun mai shi. Bayan 'yan shekaru attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗi aka faɗaɗa ginin. Shekara ɗari da goma sha ɗaya mutanen unguwa suna shiga suna fita.

Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da gwamnatin David Cameron ta hau a 2010 ta rage kuɗin da ake ba ƙananan hukumomi. A 2011 ƙaramar hukumar Brent, wadda Kensal Rise ke ƙarƙashinta, ta yanke shawarar rufe shida daga cikin laburare goma sha biyu da take da su: Kensal Rise, Cricklewood, Neasden, Preston, Barham Park da Tokyngton. Hujjarta ita ce gara a tara kuɗin a wurare kaɗan masu inganci. Mutanen unguwa suka tara kuɗi suka tafi kotu, domin a ƙasar nan akwai doka tun 1964 da ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da laburare ga jama'a. Ranar 13 ga Oktoba 2011 babbar kotu ta ce hukuma ba ta saɓa doka ba, a ranar kuma aka garƙame ƙofa. Suka ɗaukaka ƙara, nan ma ba su yi nasara ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Mutane suka riƙa gadin ƙofar bi da bi, cikin sanyin nan da ke shiga ƙashi, don kada a kwashe littattafai. Suka kafa 'yar rumfa a bakin ginin, kowa ya kawo abin da yake da shi a gida, aka ci gaba da ba da aro a kan titi. A ƙarshen Mayu 2012, cikin tsakar dare, aka zo aka kwashe littattafan ciki, har da allon tunawa da zuwan Mark Twain. Dattijuwar nan ta ce mini da safe ta leƙa ta taga ta ga kantoci wayam. Ba ta ƙara komai a kai ba, ta ci gaba da jera katunanta. Na ga dai hannunta ya ɗan tsaya.

Sharaɗin nan na tun farko ya yi aikinsa, gini ya koma hannun kwaleji, aka sayar, aka mayar da shi gidaje. Amma ƙungiyar masoya laburaren ba ta saki ba, har aka amince a ware musu wuri a ƙasa. Daga nan sai neman kuɗin gyara, wanda ya ci shekaru. A Satumba 2019 suka sake buɗe ƙofa.

Shekara takwas ke nan. A bas ina ta lissafi da Auta a zuciyata: yaron da yake da shekara biyar ranar da aka rufe, ranar da aka buɗe yana da sha uku. Shekarun da yaro ke kama son karatu ko ya rasa shi sun wuce ƙofa tana kulle. Ban manta cewa an gina sabon laburare a Wembley ba, an kuma sake gina na Willesden Green, wanda nake zuwa kuma yana da kyau ƙwarai. Amma tsohuwar da ke dogara sanda, ko mai jego da keken jariri da wani yaron a hannu, tafiyar minti biyar da hawa bas ba ɗaya ba ne a wurinsu. Ni na san wannan. Gidanmu ɗaki biyu ne, mu biyar, kuma lokacin sanyi ana kunna na'urar ɗumama ɗaki ne ido na kan mita. Wurin da za ka zauna da ɗumi, da tebur, da shiru, ba wanda zai ce sai ka sayi shayi, ba shi da yawa a garin nan.

Akwai kuma abin da ke damuna, ko da yake ba na son faɗa a gabansu. Aikin laburare sana'a ce da ake koya, ake biyan albashi a kanta. Yanzu maƙwabta ne ke ɗauke da shi a kan lokacinsu, da yawansu sun manyanta. In suka gaji fa? Ina jinjina musu har zuciyata, amma ba na so wata hukuma a wani gari ta dube su ta ce ashe ana iya rufewa, mutane za su ji da kansu.

Da muka shiga Auta ta saki hannuna ta nufi wajen littattafan yara, ko rigar ruwanta ba ta cire ba. Wani dattijo yana gefe da jarida, ya kusanto da ita har hancinsa. Na ajiye littattafaina uku a kan tebur, ina jin nauyi kamar mai kai kayan da ba a tambaye ta ba. Dattijuwar ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta sa yatsa a kan ƙugiyar harafin ƙ, ta tambaye ni yadda ake furta shi. Na furta, ta gwada, bai fito ba. Auta ta dawo da gudu ta tsaya gabanta tana koya mata, ita da kullum nake fama da ita ta amsa mini da Hausa a gida. Sai da suka yi sau biyar.

Ta ce za ta nuna wa sauran su ga inda ya dace a ajiye su. Sannan ta tambaye ni ko ina da awa biyu a mako. Na yi shiru ina tuna jadawalin aiki, da girki, da kai yara islamiyya. Na ce mata sati biyu-biyu zan iya, ranar da ba ni da aikin dare. Ta miƙo takarda na rubuta sunana da lambar waya.

Mun dawo gida bayan la'asar, takalma sun jiƙe. Na ɗora tuwo. Baban yara ya ce, "Ke da ba ki samun barci, kin ƙara wa kanki?" Na ce masa awa biyu ce. Yanzu an yi isha'i, Auta tana kwance a kan dadduma da littafi huɗu da ta aro, ga kwalin nan ban mayar ƙarƙashin gado ba tukuna. Ta ciro na Baba mai jan biro, ta ce in karanta mata shafi ɗaya kafin ta yi barci. Bari in je.